Muryar Yaya Baƙo Tana Cikin Ordinater

Masu karatu, ku yi mini haƙuri da shirun da na yi muku. Duk saƙonninku na gani, har da na wadda ta tambaya ko aure aka ɗaura mini a ɓoye. Ba aure ba ne. Kwana tara na yi ina fama da wata baƙar ordinater, wato kwamfuta, mai tsagaggen murfi, kuma sai yau na iya zama in rubuta muku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Samiratu, a Filinge nake, ina buga takardu a wani shagon fotokopi kusa da tasha. Yayana Baƙo ya rasu wata bakwai ke nan, a hanyar Bankuku, tayar mota ta fashe da su. Abokinsa Abdurrazak ne ke tuƙi. Shi ya fito da karyayyar ƙafa, Yaya Baƙo bai fito da rai ba. Abdurrazak ɗin nan kuwa shi ne wanda iyayensa suka kawo kayan tambayata sati uku kafin hatsarin. Bayan sadakar arba'in, Inna ta sa aka mayar musu da turamen atamfa da turaren da suka kawo, ko ledarsu ba a buɗe ba.

"Ban ce shi yak kashe mini ɗa ba," haka ta ce wa ƙaninta Kawu Idi a gabana. "Kwana ne yaƙ ƙare. Amma idona ba ya iya ganinai cikin gidanga."

Na goge lambar Abdurrazak daga wayata, duk da na san gogewar banza ce, tun da a kaina take.

Abin da ya tayar da maganar ordinater, wata la'asar ce muna zaune ƙarƙashin rumfa. Inna tana tsince zogale za ta yi kwaɗon da muke kira kopto, sanye da tsohon zanenta shuɗi wanda ya koɗe, ɗankwalin ya zame baya har furfurarta ta fito. Ba ta ɗago ba ta ce, "Samira, ke kina tuna muryatai?"

"Ina tunawa, Inna."

"Ni ta fara ɓace mini. Huskatai ina gani, ga hoto nan. Amma in na so in ji yadda yake sallama, sai in ji ta wani."

Wallahi sai da na tashi na shiga ɗaki na toshe bakina da hijabi. Wayarsa ta ragargaje a hatsarin. Ta Inna 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta ajiye murya. Tawa kuwa na canza ta da sallar layya, duk saƙonninsa na murya suka tafi, ni da nake tsammanin ina da shi har tsufa.

A nan na tuna da aikinsa. Yaya Baƙo ya yi wa wata ƙungiyar makiyaya wani logisiyel, wato shirin da ake sa wa ordinater. Ana rubuta sanarwa, ranar allurar shanu ko rijiyar da aka gyara, sai shirin ya karanta ta da Hausa don waɗanda ba su iya karatu ba. Muryar da ke karantawar tasa ce. Sati uku ya yi yana kulle kansa a ɗakin zaure yana naɗar kalma ɗaya-ɗaya, mu kuma an hana mu daka da rana.

Ordinater ɗin tana hannun Kawu Idi. Na je na roƙe shi.

"Na kai ta kasuwa an wanke ta, an goge komi na ciki," ya ce, yana gyara hularsa. "Nauyi take yi. Amma mai gyaran ya ce ya kwashe dosiyoyin ya maida. Ki riƙe ta zuwa Lahadin sama, da ita zan wuce Sanam wurin aiki." Har na kai ƙofa ya ƙara, "Kuma Sidi ɗan abokina ya sake tambayar aurenki. Ba dole nike miki ba, amma ki duba uwarki, ki duba shekarunki."

Na ce to, na rungumo ordinater na fito.

Dosiyen aikin, wato jakar da ake tara fayiloli a ordinater, yana nan, da sunan da Yaya ya sa masa, "makiyaya". A ciki akwai wani babban fishiye, wato fayil, da na tabbata nan muryar take. Na gwada buɗe shi da duk abin sauraren kiɗa da na sani, ya ƙi. Masu aikin sun matse sautin ne cikin wani tsari nasu don ya shiga ƙananan wayoyi, ba mai kwance shi sai shirin kansa. Na danna shirin. Wata baƙar taga a fuskar ordinater ta buɗe ta rufe kafin in ƙifta ido.

Bari in yi muku bayani yadda Yaya Baƙo ya yi mini lokacin da nake karatun sakatariya a Yamai. Logisiyel ba ya tsayuwa shi kaɗai. Wanda ya rubuta shi yana aro ƙananan shirye-shirye da wasu suka riga suka rubuta, ɗaya mai zana maɓallai, ɗaya mai fitar da sauti, haka dai. Su ake kira bibliyotek. Ba a cikin dosiyen aikin suke zama ba, can cikin hanjin ordinater ake girka su. Mai gyaran kasuwa ya kwashe dosiye, amma da ya wanke na'urar duk bibliyotek ɗin suka bi ruwa.

Na buɗe baƙar tagar da kaina, na rubuta umarnin da Yaya ya koya mini. Amsa ta farko, babu ma Python, harshen da aka rubuta shirin da shi. Na haɗa ordinater da rezon wayata, wato intanet, na fara saukewa. Kun san rezonmu. Ya kai kashi tamanin da wani abu, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, batirin kuma ya mutu tun Yaya na da rai, minti goma ba ya yi. Fuskar ordinater ta yi baƙi. Na zauna ina kallon kaina a ciki.

Washegari na tafi da ita shago cikin jakar atamfa. Tsakanin masu kawo takardar haihuwa da masu fotokopin katin ɗan ƙasa, na samu Python ya sauka. Na sake gwadawa. Dogon rubutu ya zubo, layin ƙarshe yana cewa ba a samu bibliyotek mai suna kaza ba. Na yi murna, wallahi, don aƙalla yanzu yana faɗa mini abin da yake so. Na girka ta. Na sake gwadawa, ya ce saura wata. Na girka wannan, ita kuma ta ce ba ta zama sai da wasu biyu. Na ɗauko bayan wata takarda da aka lalata ina rubuta sunayensu, ina jan layi a kan duk wadda ta shiga.

Rana ta huɗu taga ta buɗe. Koriya ce, da hoton saniya fara a kusurwa, wanda Yaya ya ɗauka a kasuwar dabbobi. Na sa hannu a ƙirji. Na danna maɓallin saurare, sai tagar ta rufe gaba ɗaya, wani sabon jan rubutu ya fito wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ba cewa ya yi wani abu ya ɓata ba. Cewa ya yi bibliyotek ɗin sauti ba ta san umarnin da aka ba ta ba.

Kwana biyu ina juya wannan. Na cire, na mayar, na kashe, na kunna. Na kwafi rubutun na nema a intanet, amsoshin duk da Turancin Ingilishi, ni kuma Faransanci na yi. Inna tana ganina ina shiga ɗaki da jaka ina fita da jajayen idanu, ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa mata ba. Tsoro nake in sa mata rai abin ya ƙi.

Rana ta shida, ina bin fishiyoyin dosiyen ɗaya bayan ɗaya, na buɗe wani ƙarami da na raina. Ashe jerin duk bibliyotek ɗin da shirin ke buƙata ne, kowace da lambar zubinta a gefe. A saman ta sauti Yaya ya rubuta da Hausa: "Kar a sa sabuwa, tana lalata komai. Na sha wuya kafin in gane."

Na karanta layin nan ya fi sau goma. Kamar yana tsaye bayana yana dungure mini kai.

Sabbin na girka duka, shi ne laifina. Na cire su, na nemi tsofaffin da lambobinsu. Ta sautin ta ƙi shiga, wai Python ɗina ya yi mata sabunta. Na cire shi shi ma, na sauke tsoho, na fara daga farko. Ranar Juma'a da hantsi duk sunayen da ke takardata suna da layi a kansu. Na yi bisimilla na danna.

Layin ƙarshe ya ce ba a samu bibliyotek mai suna "son_razak" ba.

Na nema a intanet, babu. Na bincike dosiyen, babu. Ba ta cikin jerin ma, don ba daga waje aka aro ta ba. Abdurrazak ne ya rubuta sashen da ke kwance matsattsen sautin, Yaya ya sa mata sunansa, ya girka ta wani wuri daban da mai gyara bai kwashe ba.

Ina zaune a kan tabarma ina kallon sunan, yayata Basiratu ta shigo. Daga Damana ta zo ganin gida, da goyo a baya da leshi ruwan goro, ƙamshin humra ya riga ta shigowa. Ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta a hankali.

"Son Razak? Samira! Abin da kike kulle kanki kina rubutawa ke nan?"

"Yaya, Faransanci ne. Son, sauti ke nan."

"Sauti ko mi, ni dai na ga abin da na gani."

Na yi mata bayani tun daga zogalen Inna. Ta sauke goyon ta zauna, fuskarta ta canza. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Ba wani mai shi sai shi?"

"Babu."

"To ki bari. Kin san hawan jininta. In taj ji kin neme shi, ban san abin da za ya faru ba. Ki bar mamaci ya huta, ki bar mu mu ma mu huta."

"Ke ba ki son ki ji shi?"

Ta ɗauki ɗanta ta fita, na ji tana jan hanci a tsakar gida tana cewa hayaƙin murhu ne.

Masu karatu, kar ku yanke mini hukunci. Na yi sallar azahar, na zauna a kan darduma da wayar a hannu har zufa ta jiƙa ta. Sannan na buga lambar da na goge, na rubuta:

"Assalamu alaikum. Samiratu ce. Ina neman fishiye guda na aikin makiyaya, son_razak. Shi kaɗai ya kawo ni."

Alama biyu suka yi shuɗi nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya.

"Wa alaikumus salam. Yaya Inna?"

"Da sauƙi."

"Yana cikin tsohon kile ɗina na USB. Ban taɓa kilen ba tun ranar. Ki ba ni minti goma."

Minti arba'in ya yi. Da fishiyen ya iso, ya biyo shi da bayani: in saka shi cikin dosiye ɗaya da shirin, kar in canza sunan. Na yi. Wani saƙon kuskure ya fito. Na ɗauki hoton fuskar na tura masa.

"Wannan ba na Python ba ne, na Windows ne. Akwai wani ƙaramin fishiye da sauti ke dogara da shi, wankin ya tafi da shi. Kar ki sauke shi shi kaɗai daga ko'ina, ana ɓoye cuta a ciki. Ga adireshin kunshin gaba ɗaya."

Na sauke. Ya ƙi.

"Wanne kika ɗauka, mai 64 ko mai 32?"

"64."

"Ɗauki ɗayan. Baƙo da tsoho yake aiki, kullum muna faɗa a kai."

Ina jiran saukewar, layin yana tafiya kamar ba ya so, sai wani saƙo ya shigo.

"Samira, ba sai kin amsa ba. Ƙafar ta warke, da sanda nike tahiya. Amma ban sake riƙe sitiyari ba. Kullum in na rufe ido ina kan hanyar nan, ina neman inda zan karkata motar ta faɗa ta gefena."

Na kife wayar a cinyata. Wata bakwai ina jin haushinsa don yana da rai, ina kuma gode wa Allah don yana da rai, ban taɓa faɗa wa kowa ko ɗaya daga ciki ba. Na ɗago na rubuta, "Allah ya ƙara sauƙi." Iyakar abin da yatsuna suka iya ke nan.

"Amin. In ya buɗe, ki shiga inda aka rubuta gwaji. Akwai naɗin da ba mu yanke ba. Lamba goma sha bakwai kar ki kunna ta gaban Inna sai kin fara ji ke kaɗai."

Sai ranar Asabar da safe kunshin ya gama sauka, don kuran ya ɗauke, bai dawo ba sai bayan asuba. Na share ɗaki, na yi wanka, na sa doguwar rigata baƙa, ban san dalili ba. Na ɗora ordinater a kan akwatin Inna na ƙarfe, na girka, na kashe, na kunna. Koriyar taga ta buɗe. Na danna saurare.

"Assalamu alaikum makiyaya, ga sanarwar yau."

Shi ne. Da 'yar shaƙewar nan tasa, da yadda yake jan "yau" kamar zai yi dariya. Na rasa inda zan sa kaina. Na danna wani wuri ya ce "Filinge", ya ce "Bankuku", ya ce "Sanam", ya ce "shanu", ya ce "ranar Talata". Kalmomi ne kawai, amma ni kuka nake kamar ranar da aka kawo gawarsa.

Na manta ban rage sauti ba. Na manta ƙofar a buɗe take. Na shiga gwaji, na danna goma sha bakwai.

"Allurar rigakafi. Allurar riga..." Sai daga nesa wata murya ta mace, tana kira daga tsakar gida: "Kai, hurar taka za ta yi tsami hwa!" Muryar Inna ce. Ya yi dariya sosai, har kujera ta yi ƙara, sannan ya ɗaga murya: "Na'am Inna! Ga ni nan tahe!"

Wani abu ya faɗi a bakin ƙofa. Na waiga. Ƙwarya ce, gero ya watse har ƙarƙashin gado. Inna tana tsaye, hannunta ɗaya a jikin ƙyaure, bakinta a buɗe. Basiratu tana bayanta ta riƙe ta ta kafaɗa.

Na kai hannu zan kashe.

"Bari," Inna ta ce.

Ta shigo tana taka geron, ta durƙusa gaban akwatin. Ba ta taɓa ordinater ba a rayuwarta, amma ta ɗora tafinta a gefen da sautin ke fitowa.

"Maido shi."

Na maido. Ya sake cewa ga shi nan tahe. Ta ce in maido. Sau bakwai na maido, ba ta yi kuka ba, leɓɓanta kawai ke motsi. A na bakwai ne ta amsa masa a hankali, "To, ina jira." Basiratu ta fashe da kuka ta fita da gudu.

Mun daɗe a haka. Kaji suka shigo suna tsattsagar geron, ba wanda ya kore su. Daga baya Inna ta gyara zama, ta jawo ɗankwalinta gaba, ta share fuska da bakin zane duk da ba hawaye a kai.

"Idi ya ce an wanke ta, komi ya tahi. Ke kaɗai kika gyara?"

"Na yi kwana takwas ni kaɗai, Inna."

"Na tara hwa?"

Wayata tana kan tabarma tsakaninmu, fuskarta a sama. Daidai lokacin ta yi haske, saƙo ya shigo. Babu suna, lamba ce kawai, amma na san Inna ta ga yadda na kalle ta. Zan iya cewa wani ne a intanet. Zan iya cewa mai shagonmu ne. Ta yarda da ni tun ina yarinya, da ta yarda.

"Abdurrazak ne," na ce. "Abu na ƙarshe a wurinai yake. Ni na neme shi, ba shi ya neme ni ba."

Ta rufe ido. Na ga jijiyar wuyanta tana bugawa. Na fara lissafin inda maganinta yake, da wanda zan kira ya kai mu likita.

"Shi ma ya ji wagga murya?"

"A'a. Ya ce tun ranar bai iya taɓa komi na aikin ba."

Ta dafa akwatin ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ta tsaya, ba ta waigo ba.

"Shi kaɗai at tare da shi sa'ad da rai yaf fita. Wata bakwai ina son in san ko ya yi magana, ina tsoron in tambaya." Ta ja numfashi. "Ki ce mishi ya taho gobe bayan la'asar. Ba maganarki za mu yi ba, kar ki sa rai. Tambaya guda gare ni."

Ta fita. Na ɗauki wayar na buɗe saƙonsa. Cewa ya yi, "Ya buɗe?"

Na rubuta masa abin da Inna ta ce, kalma da kalma, na tura. Alama biyu suka yi shuɗi. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya daɗe. Sannan amsar ta shigo.

"Zan zo. Ya yi magana, Samira. Kuma ba Inna kaɗai ya bar wa saƙo ba."